Babu-Birki Ya Nemi Leda

Shekara talatin da uku Babu-Birki ya yi yana jan doguwar bas mai kujera hamsin da biyu, kuma abu biyu yake tinƙaho da su: bai taɓa kayar da mota ba, cikinsa kuma bai taɓa juyawa a kan hanya ba. Laƙabin ma a nan ya samo shi. In wani fasinja ya ɗaga hannu daga baya, gumi na tsatstsafo masa, yana roƙon a tsaya ko minti ɗaya ne, sai ya dubi madubi ya ce, "Ku miƙa masa leda. Motar nan babu birki." Sauran fasinjoji su kwashe da dariya, mai lalurar ya cusa kai cikin leda, mota ta ci gaba da cin kwalta. A nasa ganin ba mugunta ba ce. Shi dai ya yi imani amai a mota ragwanci ne, ragwanci kuwa ba a lallashinsa.

A gida ma bai raga wa kowa ba. Matarsa, wadda har shi ya bi yara yana kiranta Mama, ko warin mai ta shaƙa a tasha sai zuciyarta ta tashi. Tafiyar awa biyu kan jawo mata kwanciyar yini guda. Yakan gaya wa baƙi, a gabanta, cewa Allah ne ya haɗa ƙarfe da auduga a ɗaki ɗaya. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta ci gaba da taka kekenta, don tela ce, kuma ta daɗe da gane cewa in ka ɗauke ƙafa keke yakan yi shiru, miji kuwa ba ya yi.

Da ciwon gwiwa ya tilasta masa ajiye aiki, sai ya koma kujerar falo ta kusa da taga, ya buɗe sabuwar sana'a ta ba da labari. Akwai labarin gangaren da motar ta yi tsalle a kansa har kawunan fasinjoji suka taɓa rufi. Akwai na gargadar da ta kakkaɓo wa wani tsoho haƙoran roba. Akwai na ranar da rana ta kashe masa ido a wata kwana, ya yi kilomita biyar yana tuƙi da kunne. Manyan 'ya'yan sun haddace labaran, da ya gyara murya sai kowa ya tuna yana da aiki. Auta ce kaɗai ke zama.

Auta ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata bakwai, a bene na biyu, saman wani shagon taya. Wasannin bidiyo suke yi, irin waɗanda ake bugawa a waya da kwamfuta. Ita ta kawo shawarar a yi wasan tuƙin bas: ka kwashi fasinja a tasha, ka bi doguwar hanya, ka sauke su lafiya. Wani ya zana motar, wani ya shimfiɗa hanyar, ita kuma aka ba ta aikin sa wa hoton rai. Ya girgiza in an faɗa rami, ya karkata in an sha kwana, gefen hanya ya yi dishi-dishi in an taka totur, hasken rana ya riƙa walƙiya ta tsakanin itatuwa. Da yake ba ta taɓa riƙe sitiyarin bas ba, sai ta je wurin wanda ya sani. Sati uku tana ajiye wayarta a hannun kujerar mahaifinta tana naɗar muryarsa. Bai taɓa samun mai sauraro irin wannan ba, ya kuwa zage ya buɗe bakin buhu.

Duk abin da ya faɗa, ta zuba shi a wasan yadda ya faɗa.

Manajan kamfanin wani dogo ne mai yawo da kofin shayi a hannu. Yakan tsaya a bayanta, ya kalli allon kwamfutar kamar mai leƙa tukunya, ya ce, "Ya yi kyau. A ƙara."

"Me za a ƙara, yallaɓai?"

"Komai. So nake mutum ya ji ramin nan a ƙashin bayansa."

Sai ya juya da kofinsa ya tafi.

Ta ƙara. Wajen wata na huɗu kai ya fara sara mata, daga bayan ido ya zagaya ƙeya. In ta tashi daga kan kujera sai ta ɗan dafa tebur kafin ƙasa ta tsaya. Idanun suka koma ja, suna yaji kamar ta yanka albasa. Ta sayi ƙwayar ciwon kai ta ɓoye a durowa ƙarƙashin takardu. Ba ta gaya wa kowa ba. A ofis ita kaɗai ce mace, ba ta so a ce aikin ya fi ƙarfinta. A gida kuwa ita 'yar Babu-Birki ce, da wane baki za ta ce motar da ba ta ko da taya ta sa ta jiri?

Da suka ba wasu mutane wasan su gwada, saƙonni suka fara shigowa. Wani ya ce minti goma ya yi ya kwanta a ƙasa. Wata ta ce ta ga ɗakinta yana zagayawa har bayan ta kashe kwamfuta. Auta ta kai wa Manaja. Ya karanta biyu ya mayar mata.

"Mai ƙorafi ko aljanna aka kai shi sai ya ce inuwa ta yi yawa," in ji shi. "Ki kawo mana mahaifinki ranar nunin wasan ga jama'a. In direban shekara talatin ya zauna ya ce haka hanya take, wa ya isa ya yi musu?"

Ranar nunin, da hantsi, Babu-Birki ya hau benen a hankali, gwiwa na ƙara, sanye da farar riga da Mama ta goge masa, da tsohuwar safar hannunsa ta tuƙi. An kawar da tebura an jera kujerun roba. Baƙi kamar ashirin ne, yawancinsu matasa masu ɗaukar bidiyo su watsa a intanet. A tsakiyar ɗakin an kafa kujera guda, da sitiyari, da abin takawa, da manyan alluna uku da suka kewaye mai zama ta gaba da gefe. Manaja ya gabatar da shi da dogon kirari, har da cewa hanya ce ke tsoronsa. Tsohon bai musa ba.

Ya zauna ya kama sitiyarin, ya jujjuya shi.

"Wannan ai murfin tukunya ne," ya ce. Aka yi dariya. "To, a tayar mana."

Minti ukun farko ya burge kowa. Ya fito da motar daga tasha da baya ba tare da ya goga komai ba, abin da ko masu wasan ba su iya ba. Yana tuƙi yana koyarwa: a nan ake sauya giya, a nan ake ba babbar mota hanya. Wayoyi suka ɗaga sama. Auta na tsaye a gefe, ƙirjinta cike da alfahari.

Daga nan aka fita gari, aka shiga gargada.

Allunan uku suka hau rawa. Sama ta yi ƙasa, ƙasa ta yi sama. Ga kwana, duniya duka ta karkata hagu, amma kujerar da yake kai ko motsi ba ta yi ba. Jikinsa ya riga ya kwanta dama don ya tari nauyin motar, kamar yadda ya saba shekara da shekaru, sai ya tarar babu nauyin da zai tara. Ya gyara zama. Aka shiga cikin itatuwa, haske ya fara dukan idonsa, fari, baƙi, fari, baƙi. Ya daina magana. Ya ji yawu mai ɗumi na taruwa a bakinsa, wani sanyi na bin bayansa. Ya yi abin da kowane direba ke yi, ya kafa ido can nesa inda hanya ta haɗu da sama, sai ya ga nesan ma rawa take.

"Ga gangaren nan, Baba!" Manaja ya ɗaga murya. "Wanda ka ba da labari!"

Motar ta tashi sama. Ta daɗe a sama. Ta dawo ƙasa da wani irin duka da ya sa hoton ya rabu biyu kafin ya haɗe. Babu-Birki ya danna birki da ƙafa biyu, allon ya sunkuya gaba ya dawo baya, abin da ya ƙarasa shi ke nan. Ya saki sitiyari, ya waiwayo, fuskar ta yi toka-toka.

"Auta," ya ce a hankali, amma ɗakin ya yi tsit, kowa ya ji. "Akwai leda?"

Babu leda. Kwandon shara aka miƙo masa, a kan kari.

A gida ya kwanta a doguwar kujera da jiƙaƙƙen tawul a goshi, labule a sauke. Da ya ɗan farfaɗo sai ya fara binciken mai laifi. Ƙwan da ya ci da safe ne, tun a baki ya ji bai yarda da shi ba. Ko kuma sanyin na'urar ofishin. Ko warin tayoyin shagon ƙasa. Mama ta kawo masa ruwa, ta zauna a gefe tana farke wani ɗinki.

"Sannu, Malam," ta ce. "Ai abin ba daɗi. Ka riƙa numfashi ta baki, yana taimakawa. In ka samu lemon tsami ka riƙa shinshinawa."

"Wa ya tambaye ki?"

"Babu. Na ga dai fannina ne."

Bayan kwana biyu Auta ta kawo sitiyarin da kwamfuta gida, ta haɗa da talabijin ɗin falo, wai ta duba ko akwai abin da ya lalace. Mama ta leƙo daga ɗakin ɗinki, tsinin allura a baki.

"Wannan ne abin? Matsa in gani."

"Ke da ko keke ba ki iya ba," in ji mijin daga kujerarsa.

"Wanne? Shekara arba'in ina taka keke."

Ta zauna. Ta fito daga tasha ta kwashe allon talla guda, ta hau kan dakalin hanya, ta sauka. Ta shiga gargada tana dariya. Ta wuce itatuwan nan masu walƙiya tana tambayar Auta ko an cire wanki daga igiya. A gangaren da motar ta tashi sama cewa ta yi, "Kai, madalla!" Minti arba'in ta yi, ta sauke fasinjojinta a ɗaya tashar, biyu daga ciki sun yi ƙorafi a rubuce. Ta miƙe garau.

"Ba ki ji komai ba, Mama?" Auta ta tambaya.

"Me zan ji? Ba wari, ba zafi, ba mai matse ni. Hoto ne fa kawai." Ta dubi mijin. "Ko ba haka ba, Malam?"

Ya tashi ya shiga ɗaki ya turo ƙofa.

Daga ranar ya ɗaura yaƙi. Ya ce wa Auta ta bar kayan a gida, ƙura yake so ya riƙa share musu. Kullum da safe, in ta tafi aiki, Mama kuma ta fita kai ɗinki ko sayen zare, sai ya kulle ƙofa, ya ajiye bokiti a gefen ƙafa, ya kunna. Ya gwada da yunwa, ya gwada da ƙoshi. Ya gwada da ido ɗaya a rufe. Ya gwada da tabaran rana. Har lemon tsamin ya gwada, ya ɓoye ɓawon a aljihu. Bai taɓa wuce minti bakwai ba. Abin da ya samu kawai shi ne ciwon kai mai kwana da yini, da idanu jajaye masu zubar ruwa, da tafiya yana dafa bango.

Mama ta ga bokitin a wanke kullum, a inda ba wurinsa ba, sai dai ta mayar da shi wurinsa. Amma ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki kofi ya kama iska, ta ajiye wasa.

"Hawan jini ne zai kashe ka a banza," ta ce. "Gobe asibiti. Auta, ki nemi izini a wurin aiki ki raka shi, ni in na shiga mota sai a rasa wa za a duba."

Aka auna jini, lafiya lau. Aka tura su wurin likitar ido, wata mace mai ƙaramin jiki da saurin magana. Ta haska masa fitila, ta sa ya karanta haruffa, ta ce idon tsufa ne kawai da gajiya. Ta tambaye shi me yake kallo haka. Ya ce labarai. Auta ta sunkuyar da kai, sannan ta faɗi gaskiya, tun daga ranar nuni har bokitin, wanda ashe ita ma ta lura da shi.

Likitar ba ta yi dariya ba, abin da ya sa ya ɗan saki jiki.

"Baba, ba ciwo ba ne," ta ce. "A can cikin kunne akwai abin da ke gaya wa mutum ko yana tafiya ko yana tsaye. In kana wasan nan, ido ya ce ana gudu, ana tsalle. Kunne ya ce ƙarya ne, a zaune muke. Shaidu biyu sun saɓa, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta gaskata, sai ciki ya biya tara. Ga kuma walƙiyar haske, ga hoto mai dishi-dishi da ido ke ta wahalar gyarawa, alhali ba zai gyaru ba. Dole kai ya yi ciwo."

"To ita matata fa? Ko a amalanke aka tura ta sai ta yi amai, amma ta yi minti arba'in."

"Kowa da irin jikinsa. Wani mota ce ke kayar da shi, wani hoto. Kai kuma ina zaton jikinka ya haddace mota fiye da kima. Ya san abin da ya kamata ya ji a kowace kwana, in bai ji ba sai ya tayar da hankali. Ita ba ta jiran komai."

"Wato ƙwarewa ce ta jawo mini," ya ce, yana gyara zama.

"Za a iya cewa haka," in ji likitar, wadda ta san darajar barin tsoho da abin riƙewa. Sai ta juya wurin Auta. "Ke kuma tun da kuka shigo kike runtse ido kina murza goshi. Hau kujerar nan."

"Ni rakiya na yo."

"Hau dai."

Binciken Auta ya fi na uban daɗewa. Idanun sun bushe, suna buƙatar tabarau, ga gajiya ta watanni. Da likitar ta tambayi ƙwaya nawa take sha a sati, amsar ta sa ta ajiye biro. Ta rubuta mata maganin ɗigawa, ta hana ta ƙwayoyin, ta ce duk bayan minti ashirin ta ɗauke ido daga allo ta kalli wani abu mai nisa.

Suka fito suka zauna a benci a bakin asibitin, ƙarƙashin wata bishiya, kowa da takardarsa a hannu.

"Wata nawa kina fama?" ya tambaya.

"Biyar."

"Ba ki faɗa ba."

"Baba, a gidanmu? Wa zan faɗa wa?"

Ya bi motocin da ke wucewa da kallo. Can ya ce, "Ni dai abin da ban gane ba, wane ne ya ce muku haka mota ke girgiza? Wannan ai ba bas ba ce, injin niƙa ne."

"Kai ne, Baba."

"Ni?"

"Yana cikin wayata. Ka ce a gargadar nan ba ka iya ganin hannunka. Ka ce a gangaren motar ta yi daƙiƙa uku a sama. Uku na sa, ban ƙara ko ɗaya ba. Manaja ne ya ƙara sauran."

Ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Gangaren nan," ya ce, "ba tsalle ta yi ba. Ɗagawa ta ɗan yi. Wata mata ce jakarta ta faɗo daga sama."

"Haƙoran tsohon fa?"

"A aljihunsa suke, suka zubo." Ya yi tsaki. "Ke ma dai, Auta. Labari ai sai da gishiri. Da haka tuƙi yake, da na kai shekara uku? Direba ba ya ganin girgiza. Mota na rawa a ƙarƙashinka, amma wuya na riƙe kai, ido na can gaba a tsaye cak. Yawancin aikin nan zama ne da kallon farin layi, kana yaƙi da gyangyaɗi. Wa zai zauna ya saurari wannan?"

Auta ta fara dariya, ta kasa tsayawa, har hawaye suka zubo, waɗanda likita ta ce idon na buƙata. Shi ma ya murmusa, ba da son ransa ba.

A ofis kuwa ta tarar ana murna. Bidiyon ranar nuni ya zagaya duniya. An yanko daidai inda tsohon ya waiwayo ya ce "Akwai leda?" an sa masa kiɗa. Mutane na ta sauke wasan don su ga ko za su fi shi daɗewa. Manaja har ya sa an zana talla: hoton Babu-Birki rungume da kwandon shara, a ƙasa an rubuta, Wasan da ya sa Babu-Birki taka birki.

"Saura izininsa kawai," ya ce. "Ki lallaɓa mana shi."

Auta ta ajiye masa takardar likita, da saƙonnin ƙorafi da ta buga, shafi goma sha ɗaya.

"Yallaɓai, mutane na sauke wasan, gaskiya ne. Amma duba nan. Cikin goma, bakwai ba sa sake buɗe shi bayan ranar farko. Ba wasa muke sayarwa ba, gasar amai muke shiryawa. Ni kaina da na yi shi ba na iya kallonsa."

"To a cire girgizar, me ya rage? Mota a kan tebur?"

"Kai ka taɓa zama ka buga shi?"

Ya kalli agogo ya ce yana da taro.

Da aka kai wa tsohon maganar talla, kwana biyu bai amsa ba. A rana ta uku ya sa farar rigarsa ya hau benen da kansa. Ya ce ya yarda a sa hoton, tun da dai duniya ta riga ta gani, kuma wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Amma da sharaɗi: a bar shi ya gyara motar.

"Baba, girgizar ce kasuwarmu," in ji Manaja.

"To ka bar taka, ɗana, in yi tawa. Mai so ya zaɓa."

Haka aka yi. Talata da Alhamis yana zuwa da hantsi, ya zauna a kujerar, Auta a gefe da sabon tabarau da kwamfuta a cinya. Ya tuƙa, da ya ji yawu ya fara taruwa sai ya ɗaga hannu ya ce, "Rage." Ta rage. Suka tsayar da nesa ta daina rawa, suka bar gaban motar kaɗai yana motsi. Suka cire dishi-dishin gefen hanya. Suka mayar da walƙiyar itatuwa inuwa mai laushi. Gangaren ya koma ɗan ɗagawa. Duk bayan minti ashirin su biyun su tashi su tsaya a taga suna kallon wani tankin ruwa da ke can ƙarshen unguwa, har sauran ma'aikatan suka fara biyo su, da farko don tsokana, daga baya don sun ji daɗin abin. A sati na biyar ya kai fasinjojinsa tasha, awa guda cur, ya sauka ya nemi shayi.

Saura suna. Manaja ya ce a rubuta wa mai girgizar Na Jarumai, mai natsuwar kuma Na Masu Raunin Zuciya.

"A'a," in ji tsohon. "Tawa ita ce abin da direba ke gani, a sa mata Kujerar Direba. Taka kuwa abin da na baya ke sha ne. Kujerar Fasinja."

Manaja ya juya maganar a baki, ya ga ba ta da laifi, ya yarda. Da sabon wasan ya fita, kusan kowa Kujerar Direba ya danna, don babu matashin da zai sauke wasan tuƙi ya zaɓi zama fasinja. Ƙorafin jiri ya ragu ƙwarai. Mutane suka fara kaiwa ƙarshen hanya, suna dawowa washegari. Wata jarida ta zo ta yi hira da Manaja, ya bayyana mata cewa tun farko lafiyar idon jama'a ce ta hana shi barci. Mai haɗa sautin wasan, wanda teburinsa ke kusa da na Auta, ya karanta hirar da ƙarfi, sannan ya rage murya ya gaya mata cewa ya taɓa tafiya da Manaja wani babban kanti, mutumin ko matakala mai tafiya da kanta ba ya iya hawa sai ya rufe ido.

An kira tsohon ranar Alhamis ta ƙarshe don a yi masa godiya a sallame shi. Ya karɓi godiyar, amma bai tashi daga kujerar ba. Ya ce akwai sauran gyara.

"Fasinjojin nan naku," ya ce wa mai sauti, "gawa kuka ɗauko? Mutum hamsin da biyu, ba mai tari, ba mai waya, ba jariri, ba mai faɗa a kan taga. Ni abin da ya sa ni ciwon kai a aikin nan ba hanya ba ce, mutane ne. Akwai wanda zai zauna a bayanka tun daga tasha yana koya maka tuƙi, alhali ko jaki bai taɓa ja ba."

Mai sauti ya jawo makirfo ya ce a ina za a samu irin wannan murya. Tsohon ya ce a kawo abin kusa, shi zai yi, ya san su ciki da waje. Ya gyara murya, ya maƙale ta ta koma siririya, ya fara: "Direba, wai ba ka ga ramin ba ne? Direba, mu fa da iyali muka fito!"

Sai da aka ɗauka sau huɗu, don masu ɗaukar sun kasa riƙe dariya. Manaja ya leƙo da kofinsa, ya saurara kaɗan, ya tambaya ko Baba zai iya dawowa ranar Talata.